Farin Riɗi Babu Ƙugiya

Shekarar da rijiyar lambunmu ta rufta, ni duk gida aka zuba wa ido, don ni ne babba. Lambun yana wani kwari a bayan Dutse, kuma dabino ne a cikinsa. Tsofaffin bishiyoyin da muka taso muka tarar ba ruwansu da rijiya, saiwarsu ta yi nisa. Damuwar tana kan dashen da mahaifinmu ya yi a ƙarshen rayuwarsa, 'ya'yan dabino da ya riƙa cirowa daga gindin iyayensu yana jerawa a gefen gabas. Waɗannan ko ƙuguna ba su kai ba, kuma ba sa jure ƙishi. Da sanyi mun lallaɓa da ruwan maƙwabcin lambu. Da zafi ya fara shigowa, nasa ruwan ya ja baya, ya same ni cikin kunya ya ce in yi haƙuri. Ban ga laifinsa ba, shi ma tumatir gare shi. Na kira masu haƙa burtsatse suka zo suka duba, suka faɗi kuɗin da zai sayi sa mai kyau, ban da inji. Na yi musu godiya, na raka su bakin hanya, na dawo na tsaya ina kallon ganyen da ya fara komawa ruwan ƙasa.

Sana'ar da aka san ni da ita a unguwa ba za ta haƙa rijiya ba. Ɗan shagon kwamfuta ne, ana buga takardu, ana yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, a samu na cefane. Amma ina da sana'a ta biyu wadda kullum take ba ni wahalar bayani: sayen sunaye a intanet. Duk shafin da ke yanar gizo yana da sunan da ake bugawa a kai gare shi, kuma suna ɗaya ba ya zama na mutum biyu. Wanda ya riga yin rajista shi ne mai shi, muddin yana sabuntawa duk shekara. Sai ka kama sunan da kake zaton wani zai buƙata nan gaba, ka zauna jira. Ranar da na yi wa mahaifiyata wannan bayanin, ta saurara har ƙarshe sannan ta ce, "To, rumfa kake kamawa a kasuwar da ba ta fara ci ba." Na ce haka ne, Inna. Ta ce Allah ya sa ta ci, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

A jami'a a Kafin Hausa na koyi abin, wurin abokin ɗakina da ke karatun kwamfuta. Ni Hausa na karanta. Shi ya gaji ya bari tun kafin mu gama, ni kuwa abin ya shiga jinina, don sana'a ce ta auna kalma. Kama suna ba wuya, kowa mai 'yan kuɗi a waya zai iya. Wuyar ita ce sanin abin da sunan zai yi in an zo saye, tunda babu mudu babu sikeli. Akwai shafukan da ke yi wa suna kuɗi da kansu, amma ba su san Hausa ba. Ka ba su kalma mai daraja su yi mata kuɗi ɗaya da haruffan da yaro ya danna da wasa. Don haka na ƙirƙiro tawa hanyar. Nakan kira wani a waya yana tsakiyar hayaniyar tasha in faɗa masa sunan, in ya ce "me ka ce?" to sunan ya faɗi. Nakan duba tsawonsa, da wutsiyar da ke bin bayan ɗigo, don wutsiyar kom ta fi sauran tsada nesa ba kusa ba. Sannan in tambayi kaina wane ne zai buƙaci wannan suna, kuma yana da abin biya? Daga nan sai in kasa su kamar dabbobin gida: wannan kaza ne, wannan akuya, wancan sa. Yawancin nawa kaji ne. Na taɓa sayar da akuya ga wata makarantar kuɗi, wata kuma ga mai shagon shadda. Sa dai ban taɓa kaiwa kasuwa ba.

Akwai kuma doka ɗaya da na fi riƙo da ita fiye da duk sauran, ita ce ta ƙugiya. Ni mutum ne da ba ya iya wuce allon shago an rubuta "kwai" a wurin ƙwai ba tare da ransa ya ɓaci ba. Na sha cacar baki da masu fenti, har ɗaya ya taɓa ce mini in buroshin ya dame ni in karɓa in yi da kaina. To sunayen intanet ba sa ɗaukar ƙugiya. Ko an yi dabara an cusa, wayar mutane ba za ta buga ba. Ƙasa ta koma kasa, baƙi su koma baki, ƙaro ya koma karo. A idona duk sunan da aka cire wa ƙugiya gurgu ne, kuma gurguwar dabba ba ta kuɗi. Shi ya sa na tara sunaye masu kalmar dabino, kalma lafiyayya wadda ba ta rasa komai in an buga ta, na ɗauke su a matsayin shanuna.

Su na fara fitarwa kasuwa da maganar rijiya ta taso. Na rage musu kuɗi, na aika wa duk mai harkar dabino da na samu lambarsa. Wasu suka yi shiru. Wani ya ce shi a tire yake sayarwa, me zai yi da suna. Wani ya ɗauka ɗan damfara ne ni, ya yi mini wa'azi mai tsawo kan cin haram. Kullum da yamma in hau babur in kai jarkokin ruwa lambu, in zuba wa kowane dashe abin da bai wuce jiƙa maƙoshi ba, ƙasa ta shanye kafin in juya. Tsoro ya kama ni sosai a lokacin, ba na ɓoyewa. Gani nake in dashen nan ya mutu a hannuna, na bar aikin mahaifina na ƙarshe ya lalace ina kallo.

Ana cikin haka wata ranar da hantsi wayata ta yi ƙara a shago. Muryar mace ce, babba, bayanta ana ta hayaniya.

"Salamu alaikum. Da mai sunan nan farinridi nake magana? Na buga shi na ga lambarka."

Sai da na yi jim kafin in tuna. Farin riɗi ne, aka haɗe shi wuri ɗaya, ɗ ɗin ta rasa ƙugiyarta. Na kama shi ne wata shekara da aka yi rangwamen rajista, kuma duk lokacin sabuntawa sai na yi niyyar sakinsa in fasa. Ko a cikin kajin ma ba ya gaba.

"Ni ne, Hajiya."

"Na sayarwa ne?"

"Na sayarwa ne."

"To nawa?"

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san amsar wannan tambaya. Mai kaya cewa yake "taya", mai saye ya fara faɗin nasa, in bai yi ba a ce masa "albarka", a ci gaba har a kai ga sallamawa. Amma ni jarkoki ne a kaina. Na yi sauri na faɗi kuɗin ɗan akuya, ina jin ma na yi tsada. Sannan, da yake an koya mana mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa, na ƙara da cewa, "Sai dai Hajiya, gaskiya ɗaya ce, sunan yana da aibi. Riɗin babu ƙugiya. In an bi ƙa'ida, abin da ke rubuce ba riɗi ba ne."

Can sai ta ce, "Albarka."

Na ɗauka tsada take nufi, ta dai juya kalmar ne. Na ce, "To Hajiya, a rage miki wani abu."

Sai ta fashe da dariya, dariya sosai, har na ji tana gaya wa wani na kusa da ita wai ragewa zai yi. Ta dawo ta ce, "Malam, cewa na yi albarka. Ban saya a haka ba. In kana son ciniki ka same ni Gujungu ranar kasuwa, ka tambayi siton riɗi na Hajiya 'yar Aujara."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tun da nake ban taɓa jin mai saye ya ce albarka ba. Kalmar bakin mai kaya ce. Na yanke cewa wata mai kuɗi ce ta samu abin nishaɗi, za ta sa in ƙona kuɗin mota ta ƙara yin dariya. Na yi ta faɗa ni kaɗai a shago, har matar da ta kawo takardar gayyatar walima ta tambaye ni ko lafiya. Da yamma na kai ruwa lambu na tarar wani dashen ya sunkuyar da kai gaba ɗaya. Ranar kasuwa na rufe shago na hau bas ɗin Taura na sauka a Gujungu.

Siton bai yi wuyar samu ba. Buhuna ne jibge har kusa da rufi, mata suna sheƙe riɗi a ƙofa, ana ɗorawa a sikeli ana saukewa. Hajiyar tana zaune a kan benci da tabarau a hanci da waya biyu a cinya. Za ta girme ni da kyau. Daga baya na ji cewa ta yi karatun tattalin arziki, ta yi aikin banki shekaru, sannan ta ajiye ta dawo sana'ar mahaifinta. Na durƙusa na gaishe ta, ta sa aka kawo mini ruwa, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne mai ƙugiya?"

"Ni ne, Hajiya."

Ta miƙo mini waya ɗaya. "Duba saƙonnin nan. Wannan wakilina ne a ƙauye. Wannan direban tirela. Wannan mai karɓar kaya a Legas. Wannan kuma wani ne daga ƙasar waje, a bakin wakilai ya koyi kalmar. Karanta ka gaya mini wa ya sa ƙugiya."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ridi, farin ridi, an loda ridi, nawa ridi yau. Ko mutum ɗaya bai sa ba. Na miƙa mata wayar na ce, "Duk kuskure suka yi, Hajiya."

"Na sani. Ni ma na yi makaranta, kuma in da hannu nake rubutu ina sa wa. Amma kai wa kake jira ya sayi sunan nan, malamin Hausa ko mai riɗi?"

Ta ce ta daɗe tana sayar wa dillalan Legas, yanzu tana son masu saye na waje su same ta kai tsaye, kuma abin da suke nema da baki shi ne farin riɗin yankin nan. Masu gina mata shafi a Kano sun je yin rajistar sunan suka tarar an riga su. Sun gaya mata abin da irin wannan suna yake kaiwa in mai shi ya san mai nema yana da buƙata, ta ware kuɗin ta ajiye, ta kira ni tana shirin a yi dambe.

"Da ka buɗe baki na san ba ka san abin da ke hannunka ba."

Na ce, "To me ya hana ki karɓa, Hajiya? Ai ni na faɗi kuɗina, ba ki tilasta ni ba."

Ta nuna buhunan da haɓa. "Sunan nan a jikin kowane buhu zan buga shi. Kullum na shigo sito sai na gan shi. In riƙa tuna cewa na same shi ne don mai shi bai sani ba? Ba zan iya ba. Kuma kai ka faɗa mini aibin kayanka tun ban tambaya ba, ko da yake aibin naka na dariya ne." Ta gyara zama ta cire tabarau. "Yanzu mu yi ciniki irin na mutane. Ce mini in taya."

Na ce, "Taya, Hajiya."

Ta taya. Abin da ta faɗa ya ninka nawa har ban tsaya lissafi ba. Bakina ya buɗe zai ce na sallama, sai ta watso mini harara.

"Kai wane irin ɗan kasuwa ne? Tayin farko ake sallamawa? Ka ce albarka mana!"

Na ce albarka, murya ƙasa-ƙasa. Daga nan fa na ga ainihin matar. Wadda ta ƙi cutata ita ce kuma ta ƙi bari in ci ko sisi a banza. Na hau sama, ta ce ko sunan da zinariya aka rubuta shi. Na ce wutsiyarsa kom ce, ta ce wutsiya ba ta cika buhu. Na ce gajere ne, ana jin sa a waya ko a tsakiyar kasuwa, ta ce yanzu kuma na san haka. Da na ƙi saukowa sai ta tafa hannu ta juya wurin masu sheƙa ta ce, "Ku ji mini mutum! Suna ko ƙugiya babu, yake neman kuɗin duniya a kai!" Matan ba su san kan zancen ba amma suka taya ta dariya, ni ma na kasa riƙe tawa. Ta miƙe ta je ta duba sikeli ta bar ni zaune, ta dawo ta ƙara kaɗan. Na ce albarka. A wannan karon da ƙarfi na faɗa, har ta gyaɗa kai.

Mun daidaita a kan abin da bai kai sa ba amma ya wuce akuya nesa, kuɗin maraƙi mai ƙiba. Na ce na sallama, ta ce ta saya, Allah ya sa albarka. Ta tura kuɗin ina zaune, ni kuma na kira masu gina mata shafi na mayar musu da sunan kafin in tashi.

Duk tsawon cinikin ban ambaci lambu ba, girman kai ya hana ni. Sai da zan tafi, ta tambaye ni abin da zan yi da kuɗin, sannan na gaya mata. Ta ce, "Gara da ba ka faɗa ba. Da ka faɗa da na ƙara matse ka, don kada ka tafi kana cewa sadaka na ba ka. Kayanka ka sayar." Ta sa aka ɗaura mini riɗi a leda in kai wa mahaifiyata ta yi kantu.

A bas ɗin dawowa na rasa wanne ya fi mini daɗi, kuɗin ko abin da matar nan ta yi. Ba ta san ni ba, ba ta san iyayena ba, babu wanda zai ji labari in ta karɓa a yadda na faɗa, ni kaina da godiya zan yi mata. Har yau in na tuna sai in ji nauyinta a raina, irin nauyin da mutum yake jin daɗin ɗauka. Masu fenti dai ban daina faɗa da su ba, don allo daban ne. Amma in zan yi wa suna kuɗi yanzu, nakan fara neman saƙonnin mutanen da ke cikin sana'ar in ga yadda yatsunsu ke rubuta kalmar.

Kuɗin ya haƙa burtsatsen, bayan na ja ciniki da masu haƙa sun rage. Injin kuwa sai da na sayar da tsohuwar na'urar buga takarduna sannan na samu na hannu. Aikin ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka yi mini alkawari, zafi kuma bai jira kowa ba. Ranar da za a tayar da inji, Inna ta ce za ta bi ni. Na yi mamaki, don tun rasuwar mahaifinmu ba ta taka lambun ba. Na ɗauko mata mai adaidaita muka tafi.

Inji ya yi tari ya kama, ruwa ya fito ja da laka, sannan ya washe ya bi kwalbatin ƙasar da na gyara. Inna ba ta tsaya kallon ruwan ba. Ta nufi layin dashen, tana tsayawa a kan kowanne, ta kama ganyen tsakiya ta ja a hankali. Wanda ya mutu, ganyen yakan zaro a hannu, gindinsa ya yi baƙi. Na farko ya zaro. Na biyu ya riƙe. Ta ci gaba a haka, wanda ya zaro ta ajiye ganyen a gefensa, ni kuma ina bin ta a baya kamar mai jiran hukunci. Mun yi asarar wasu, amma waɗanda suka riƙe sun fi yawa.

Da ta kai na ƙarshen layi, wani ɗan ƙarami da ke jikin shinge wanda ganyensa na waje duk sun bushe, sai ta daɗe tsaye ba ta taɓa shi ba. Sannan ta sunkuya ta kama tsakiyarsa ta ja. Bai zaro ba. Ta sake ja da ɗan ƙarfi, ya riƙe.

Ta zauna a ƙasa a gindinsa, abin da ban taɓa ganin ta yi a gaban mutane ba. Ta ce, "Wannan ranar da ya dasa shi ba ya iya ɗaga bokiti. Ni na riƙe masa. Daga nan bai ƙara fitowa ba."

Ruwan ya iso inda take ya jiƙa gefen zanenta, ba ta matsa ba. Ta tara hannu ta ɗebo ta zuba a gindin dashen, ta sake ɗebowa.

"Matar nan mai riɗi, iyayenta suna da rai?"

Na ce, "Ban tambaya ba, Inna."

"To ka tambaya. In san yadda zan sa su a addu'a."